Moɗa Ɗaya a Gonar Yaya Mamman

Ruwan da aka yi ranar Talatar makon jiya shi ya ɓata mana rijiya. Tun hantsi hadari ya taso daga wajen Kibiya, ya zauna a kan duwatsu baƙi ƙirin, kafin azahar ya sauke. Da aka ɗauke, Hadiza matar autana ta zura guga ta jawo, ta kawo mini in gani. Ruwan ya koma kamar an tsinka kunun kanwa. Na sa ta zuba a kwano na ajiye a bakin ƙofata, ina kallonsa har la'asar. Laka ta kwanta a ƙasa, sama ya yi garau. Hadiza ta ce ai shi ke nan, a juye a randa. Na ce mata ba dai randata ba.

Tun faɗuwar damina sau biyu ke nan ana kai 'yarta Ummi asibiti da ciwon ciki, a can kuma aka ce su dubi ruwan da suke sha. Shi ya sa ranar Juma'a autan nawa, Sabi'u, wanda ke jan mota tsakanin Rano da Kano, ya dawo ya zauna a gabana ya jera mini abu uku. Ko ya riƙa sauke mana ruwan leda, ko ya sayo maganin nan da ake ɗigawa a ruwa, ko kuma wani bokiti da ya gani a kasuwa, biyu ne ɗaya kan ɗaya, ka zuba a na sama ya tsiyaye ta cikin wani farin dutse ya taru a na ƙasa.

"Inna, ke ce mai randa, ke za ki zaɓa," in ji shi. "Na san duk wanda na kawo ba da yawunki ba, a bayan ɗaki zai ƙare."

Ina ta murza idon sawuna na hagu, inda nake da tabo biyu da duk marka sai sun yi mini tsami. Hadiza ta leƙo ta tambaye ni ko ƙuna ce ta da. Na ce kurkunu ne. Ta ce mene ne kurkunu.

Mace mai 'ya'ya uku, haifaffiyar Madachi, tana tambayata mene ne kurkunu. Ikon Allah ke nan. Na ce ta jawo kujera.

Gidan nan ne dai, a ƙauyenmu na bayan Zurgu, amma lokacin babu rijiyar nan, babu tuƙa-tuƙan bakin masallaci. Tafki ne ruwanmu. A nan muke ɗiba mu sha, a nan ake wanki, a ɗaya gefen shanun Fulani su sha. Sabi'u ko cikinsa ban yi ba, yayyensa huɗu ne a gabana.

Shekarar da nake faɗa ruwan shuka ya sauka da kyau. Har yau ina jin ƙamshin ƙasar nan a hancina. Maigidana, Malam, yana gaba yana sara da sungumi, muna binsa a baya muna zuba iri muna takewa. Gero ya fito layi-layi, ko gurbi ɗaya bai ƙi ba. Sai da ya isa noman firi, wato noman farko, ciyawa ta fara ɗago kai, Malam ya dawo wata rana da azahar ya ce jikinsa na ƙaiƙayi, ƙafarsa ta dama na zafi. Na duba na ga ƙurji ya ɗuri ruwa a bayan sawu. Duk wanda ya girma a nan ya san wannan ƙurjin.

Kurkunu tsutsa ce, Hadiza, fara, siririya kamar zaren abawa, tana iya kai tsawon hannu daga kafaɗa zuwa yatsa. A cikin naman mutum take zama. In za ta fito, wurin sai ya yi kamar an ɗora garwashi an hana ɗaukewa. In kanta ya leƙo, sai a kama a naɗe a tsinken kara, kullum a ɗan juya, abin da bai wuce gaɓar yatsa ba. In aka yi gaggawa ta tsinke, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Uku suka fito wa Malam a wannan damina, biyu a sawu, ɗaya a gwiwa. Wata biyu ya yi a kan tabarma.

Abu ɗaya ne ke sanyaya zafin, shi ne a tsoma ƙafar a ruwa. Kowa ya san haka, iyayenmu haka suka yi. Safe da yamma sai in ɗora hannunsa a kafaɗata, mu lallaɓa har bakin tafki, in zaunar da shi a kan wani falalen dutse ya zura ƙafar. Sai ka ji ya sauke ajiyar zuciya. Ni kuwa ina tsugune ina kallon wani farin abu yana fita daga bakin ciwon yana bazuwa a ruwa, kamar an ɗiga nono. Ina murna, ina cewa dafin ne ke fita. In ya samu sauƙi sai in matsa taku biyar ko shida in cika tuluna, mu dawo.

Da a ce gidanmu kaɗai ne, da an yi mana gayya an nome gonar a yini ɗaya. To kowane gida akwai na kwance. Liman ma a zaune yake jan salla. Da hantsi, lokacin da ya kamata gari ya yi tsit an tafi gona, sai ka ga maza majiya ƙarfi a gindin bishiya, kowa ya miƙe ƙafa da tsinkensa, suna korar ƙuda. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa na kira, babu mai amsawa.

Ni da tun aurena ban taɓa riƙe fartanya ba, sai shuka da roro, na ɗauki ta Malam. Daga sallar asuba in lulluɓe in fita, raɓa ta jiƙa ni har ƙugu. In nome kunya biyar yau, kafin in kai ƙarshen gona harƙiya ta sake rufe inda na fara. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Geron nan da ya fito da kyau ina kallo ya yi ja, ya tsaya iya gwiwa yana kokawa da ciyawa. Da kaka rumbu ko rabi bai kai ba.

Kafin tsakiyar rani tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Daga nan na fara haɗa gari da dusa. Busasshiyar tafasar da na tara ta ƙare, muka koma yaɗiya, a dafa a matse ɗacin a ɗan barbaɗa ƙuli. Akuyata ta tafi kasuwar Rano ba ta dawo ba. Irin shuka kuwa na ƙulle shi a tsumma na rataye a saman ɗakina, inda idona ke kai kullum. Yara su kalle shi su kalle ni, ba wanda ya taɓa tambaya. Bazara ta shigo da zafin da ke gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Tafki ya janye ya koma tsakiya, ya yi kore, yana warin laka da fitsarin shanu. Shi muke sha, muna gode wa Allah da bai ƙafe ba.

A cikin wannan bazarar wani malamin lafiya ya zo a kan babur, siriri, hularsa ta yi masa yawa. Mai unguwa ya tara maza a gindin tsamiya, mu mata aka ce mu tsaya bayan zana mu saurara. Ya sa aka ɗebo ruwan tafkinmu a gabansa. Ya ɗaure wani farin ƙyalle mai laushi a bakin tulu ya zuba. Da ya gama ya kwance ƙyallen, ya ɗauraye abin da ya tare a cikin farar kwalba, ya ɗaga ta saitin rana ya ce a zo a gani.

Ni ba na karɓar abu a bakin wani in ina da ido. Na fito daga bayan zana, ana kallona, na karɓi kwalbar.

Da farko ban ga komai ba, ruwa ne kawai. Sai na tsayar da hannuna. Can na ga wani ɗigo fari, bai kai ƙwayar gero an raba ta goma ba, ya yi tsalle ya tsaya, ya sake tsalle. Ga wani. Ga wasu can. Kwalbar nan cike take da su, kowanne da harkar gabansa, suna kai da kawowa kamar mutane ranar kasuwa. Shekara talatin ina zuba wannan ruwan a cikina, ina ba 'ya'yana, ban taɓa sanin akwai al'umma guda a cikin moɗa ba. Na ce subhanallahi, na kasa sakin kwalbar har sai da mai unguwa ya yi gyaran murya.

Malamin ya ce 'ya'yan kurkunu daga ƙafar mai ciwo suke shiga ruwa. Waɗannan ƙananan halittu su haɗiye su, mu kuma mu haɗiye halittun. Sai tsutsar ta yi shekara guda a jikin mutum shiru, ba ciwo ba alama, damina na zagayowa ta nemi hanyar fita. Tambaya ɗaya na yi masa. Na ce farin abin nan da ke fita in an tsoma ƙafa, mai kama da nono fa?

"Su ne, baiwar Allah," in ji shi. "Su ne 'ya'yan."

Na miƙa masa kwalbarsa na koma bayan zana. Safe da yamma, sati a kan sati, da kafaɗata na kai su tafkin da gari ke sha. Ba ni kaɗai na yi ba, amma nawa na sani.

Kowane gida aka ba shi ƙyalle ɗaya. Ya ja mana kunne a kan abu biyu. Na ɗaya, ƙyallen yana da fuska da baya, in ka kifa shi ka zuba ruwa, duk abin da ya tare jiya ka mayar cikin randa. Ina zuwa gida na yi wa fuskar nawa alama da jan zare. Na biyu, ya ce kada mu sa rai a wannan daminar, wanda aka sha an riga an sha, zai fito. Aikin ƙyalle sai damina ta gaba za a gan shi. Wannan maganar ta biyu kusan ba wanda ya riƙe ta.

Damina ta faɗi, kurkunu ya fito kamar ba a taɓa yi ba. Ni biyu, su ne tabon nan. Malam ɗaya. Gari ya ɗauki dariya, ana cewa ga ƙyalle ga kurkunu. Kafin marka ƙyallayen nan sun samu wani aikin. Wata ta rufe ƙwaryar nono da nata, wata tana tankaɗe. Yaya Asabe, matar wan Malam, ta ce tun da take ba ta taɓa samun matacin gasara irinsa ba, Allah ya saka wa mai babur da alheri.

Ni dai ban kai ƙafata tafki ba, ban kuma bar Malam ya kai tasa ba. A kasko ake zuba mana ruwa mu tsoma, in an gama a kai bayan gida a zubar a busasshiyar ƙasa. Yara su ɗebo ruwa, ni ina zaune da ƙafa a miƙe ina tacewa, ina duba jan zarena kafin kowane tulu.

Na Malam ya fita da wuri, sati uku ya miƙe, amma noman firi ya riga ya wuce shi, shekara biyu ke nan a jere. Wata rana da yamma ya dawo daga duba gona ya zauna a bakin rumbu, ya ce mini ya yanke shawara. In damina ta uku ta same shi a kan tabarma, zai bar wa wansa Yaya Mamman gonar, mu tattara mu koma Kano wajen ƙanensa, ko gadi ne ya samu ya yi. Ya ce ba zai sake zama yana kallon matarsa da fartanya ba. Malam ba ya magana biyu. Na san abin da ake nufi da Kano ga irinmu: ɗaki ɗaya a gidan haya, awo a kwano, gonar da kakansa ya sare kuma ta zama labari.

Tun daga ranar na tsare randa. Ba mai shan ruwa a gidan nan sai wanda ya bi ta ƙyalle. Yaron da ya je wanka tafki ya kurɓa, jikinsa ya gaya masa. Malam in zai tafi gona in cika masa gora, in ya dawo in girgiza in ji abin da ya rage. Har suna aka sa mini, Dogariyar Randa.

Lokacin maimai, da waɗanda suka warke suka ɗan yi yawa, Yaya Mamman ya kira gayya a gonarsa. Ke ba ki tarar da gayya sosai ba, Hadiza. Mai gayya shi ke ba da ruwa, shi ke ba da fura. Ba a zuwa gayya da gora. Wanda ya je da tasa kamar ya ce mai gona marowaci ne, ko matarsa ƙazama ce. Malam ya ce ba zai ɗauka ba. Na tsaya a ƙofa da gorar a hannu har ya karɓa ya cusa a cikin riga, yana cewa Allah ya shirye ni.

Bayan ya fita na kasa zama. Ruwan sha na ba shi, to furar fa, da wane ruwa za a dama? Na ɗaure tsinken ƙafata da tsumma don kada ya motsa, na soke ƙyalle a zani, na ɗauki sanda. Gidan Yaya Mamman ga shi nan kusa, amma sai da na huta sau uku. Na tarar da mata cike da tsakar gida ana kirɓa fura, ga ƙoren nono, ga tuluna an jera, yanzu aka sauke su daga tafki.

"Ke Dije, da wannan ƙafar?" in ji Yaya Asabe. "Ko gudummawa kika kawo mana?"

"Ruwan damu na zo tacewa, Yaya."

Taɓare suka tsaya.

"A gidana? Shekara ashirin ina dama wa mazan gidan nan fura, tun kina tallan gyaɗa. Yau ne ruwana ya zama ƙazanta?"

"Ba ruwanki ba ne, Yaya, ruwan tafki ne. Nawa ma daga can yake."

"To mai ƙyalle, ɗaga zani ki nuna musu ƙafarki."

Aka kwashe da dariya. Kuma da gaskiyarta, duk matan da ke wurin ba mai ƙafa irin tawa. Na jawo tulun da ba kowa a ciki, na ɗaura ƙyalle, na duba jan zare, na fara juyewa. Ta ce a ƙyale ni, zafin ciwo ne ya taɓa mini kai. Tulu shida na tace, gumi na zuba, ƙafata na bugawa kamar ganga. Da na gama na ɗauraye ƙyallen a farin kwano na tura gabanta, na ce ta duba da idonta. Ko kallo bai ishe ta ba, ta sa ƙafa ta ture kwanon. Sannan ta ce, tun da aikin nake so, to in sani tulun farko tun da sassafe ya tafi gona.

Da yamma Malam ya dawo ya ajiye gora. Na ɗaga na ji ta da nauyi. Na girgiza, ko motsi ruwan bai yi ba.

"Malam, ka sha."

"Moɗa ɗaya," in ji shi. "Yaya ne ya miƙo mini da hannunsa, a gaban mutane. Me zan ce masa?"

Ni ma ban san abin da zai ce masa ba.

Moɗa ɗaya. Na ga abin da ke cikin kwalba, na san ko rabin moɗa ya isa. Kuma ba boka ba malamin asibiti da zai duba ya ce ya shiga ko bai shiga ba. Sai shekara ta zagayo. Aka yi kaka, muka samu abin da ya fi na bara kaɗan. Aka shiga rani, aka fita. Yaya Asabe in mun haɗu a suna ko gaisuwar mutuwa, ta amsa sallamata ta kau da kai. Ni kuwa ina nan a kan ƙyallena, da ya fara sakin zare na ɗinke, da malamin babur ya sake zagayowa na karɓi sabo na adana. In Malam yana cin tuwo sai in tsinci kaina ina kallonsa, ina tunanin ko tsutsar tana nan a ciki tana girma, shi bai sani ba.

Damina ta uku ta faɗi. Muka yi shuka. Kullum da asuba in ya zauna alwala a bakin ƙofa, sai in ɗauki tsintsiya in yi ta share wuri ɗaya, idona a kan sawunsa. Rannan ya gaji ya ce, "Dije, in kin gama da ƙafar nan, ina so in tafi da ita gona."

Ana tsakiyar firi na ga diddigensa ya yi ja ya ɗan tasa. Ya ce yana masa zafi. Kwana uku ina duba wurin safe da yamma. Har na fara duban kayan ɗakina ina ware wanda zai shiga mota da wanda za a bari. A rana ta huɗu wurin bai ɗuri ruwa ba, sai wani baƙin ɗigo a tsakiya. Na gasa allura na tona. Ƙayar aduwa ce. Na ɗora ta a tafin hannuna ina kallo, sai ga hawaye. Malam ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi wa ƙaya kukan murna ba.

Ya gama firi da ƙafarsa. Ya yi maimai. Gero ya wuce ƙugu, daidai lokacin gayyar bara, ban daina shara a bakin ƙofa ba. Ya yi bununi, ya yi ido. Ranar da Malam ya shigo da tumun farko ya zube a gabana, na bi ƙafafun gidan nan ɗaya bayan ɗaya, tasa, tawa, na yara, duk lafiya lau. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin damina ta fita ba wanda ya kwanta ba sai wannan. Ɗan ƙyalle, wanda bai kai ɗankwali ba. Na gasa tumun nan muka murza muka ci da zafinsa, ba a sake ambaton Kano ba.

Yaya Mamman kuwa ya kwanta a shekarar, Malam ne ya nome masa gona. Wata safiya sai ga Yaya Asabe ta yi sallama, ta zaro ƙyallenta, ya yi jawur da gasara, ga huji biyu a tsakiya. Ba ta tayar da maganar baya ba, ni ma ban tayar ba. Ta ce wanne ne fuskar, wanne ne bayan. Na ce wannan ya gama aiki, na ɗauko sabon da na adana, na sa masa jan zare na ba ta. Har ta kai zaure ta dawo, ta ce ko ina da farin kwano irin na rannan. Na tace tulu ɗaya na ɗauraye mata a ciki, muka fita rana. Ta daɗe a sunkuye.

"Ashe da ransu," ta ce.

Daga baya aka kafa tuƙa-tuƙa, aka yi rijiyoyi. Kurkunu ya janye a hankali, bana gida biyar, baɗi gida biyu, har aka wayi gari ba a san ranar da na ƙarshe ya fita ba. Ba a yi kiɗa ba, ba a yi shela ba. Malam ya rasu yana noma gonarsa, ita ce yayyen Sabi'u ke nomawa yanzu.

Da na kai nan Hadiza ta sunkuya ta taɓa tabon da yatsa. Sabi'u ya ce to ai abin da ke damun Ummi ƙyalle ba ya tare shi, a asibiti sun ce ya fi waɗancan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ko an ɗaga kwalba a rana ba za a gan shi ba. Na juya maganar a raina. Waɗanda na gani da ƙyar, ashe su ma manya ne a wajen wasu. Allah mai halitta. Wancan karon sai da na gani na yarda. Wannan karon na yarda ban gani ba, don malamin babur bai yi mini ƙarya ba.

Na ce ruwan leda ban san wanda ya tace shi ba, ban san ko yana duba fuska da baya ba. Maganin ɗigawa ya sayo a ajiye, an ce yana aiki, amma na san yara, in suka ji warinsa za su zagaya rijiya a ɓoye. Na tambaye shi bokitin nan ana iya buɗewa a ga abin da ya tare? Ya ce ana iyawa, har wanke dutsen ake yi. Na ce shi zai kawo.

Ranar Asabar ya sauke shi. Ɗis, ɗis, haka yake zuba. Sabi'u ya tsaya da kofi a hannu yana tsaki, wai kafin ya cika mutum ya mutu da ƙishi. Na ce na jira shekara guda a kan moɗa ɗaya, shi ya jira bokiti. Jiya na sa aka buɗe. Farin dutsen nan ya koma ruwan ƙasa, yana santsi, alhali ruwan da muke zubawa wanda ya kwanta ne, garau a ido. Na kira Hadiza na ce ta shafa da hannunta. Ta shafa, ta dubi yatsunta. Ummi dai kwanan nan ba ta koka da ciki ba, amma ban ce komai ba tukuna, sai damina ta fita.

Yau da safe Hadiza ta shirya za ta suna Madachi, ta goya ƙaramin, ta riƙo hannun Ummi. Na tare ta a ƙofa da gorar roba, na cika ta daga bokiti.

"Inna, gidan Yayata ne fa. In ta ga na zo da ruwana za ta ji haushi."

"Za ta ji," na ce. "Karɓi."